Jarkar Dama da Jarkar Hagu

A unguwar nan babu wanda ya ƙara tuna sunansa na yanka. Barni-da-Shi ake ce masa, masu gaggawa su ce Barni. Dalili kuwa, ko me ya lalace a kusa da shi, famfo ne, rediyo ne, ƙofa ce, kafin mai abin ya gama buɗe baki sai a ji murya daga baya: "Bar ni da shi!"

An bar shi da fankar mai aski, yau fankar nan rufin ɗaki take yi wa fifita, masu zuwa aski suna zufa a ƙasa. An bar shi da agogon bangon Gwaggo, tsohuwar da suke haya a gidanta, agogon ya tsaya cak, shi kuma ya ce hutawa yake yi. Matarsa tela ce. Sau ɗaya ta bar shi da keken ɗinkinta, tun ranar in ya doso kusa da keken sai ta rufe shi da zani ta zauna a kai.

To yayan matar tasa yankan itace yake yi da injin zarto. Injin nan shi ne gonarsa, shi ne shagonsa, da shi iyalinsa suke ci. Wata tafiya ta taso masa, ɗakinsa kuma ƙofar ba ta da kirki, sai ya ɗauko injin da jakar kayan aikinsa ya kawo gidan ƙanwarsa. Ya ajiye a lungun gado, ya goge masa ƙura da hularsa kamar mai lallashin jariri.

"Amana ce," in ji shi. "Kada kowa ya taɓa. In na ce kowa..." Sai ya juyo a hankali ya zuba wa Barni ido.

"Yaya, ni fa ban ce komai ba."

"Idonka ya ce."

Ƙurar Yaya ba ta gama kwantawa ba Gwaggo ta fito tsakar gida tana mita. Akwai wata tsohuwar bishiyar mangwaro a ƙofar gidan, ta bushe ƙayau, ta karkato kan rufin kicin ɗinta. Yaya ya yi alkawarin sare ta, ga shi ya tafi, ga iska ta fara kaɗawa.

"Wata rana ina tsaka da girki za ta danne ni da tukunyata," in ji Gwaggo. "Ku kuma ku zo ku cinye abincin."

Barni ya ji wani abu ya tsarga masa daga ƙafa har ka. Nan take ya ga komai a idonsa: bishiya ta zube, jama'a na tafi, Yaya ya dawo ya tarar da labari ya cika gari, ya riƙe hannunsa ya ce ashe ban san ka ba, zo mu haɗa gwiwa. Har allon shago ya hango, sunansa a sama, na Yaya a ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

"Gwaggo," ya ce, ya bugi ƙirji, "bar ni da ita!"

"Na shiga uku," in ji Gwaggo. Amma ta kalli bishiyar ta kalli rufinta, sai ta ƙyale shi.

Matarsa kuwa ba ta ƙyale shi ba. "Baban yara, ka rufa min asiri. Injin nan in ya samu ko ƙwarzane, da wane ido zan kalli Yaya? Da me zai ciyar da gidansa?"

"Ke ba ki san inji ba. Inji in ya zauna tsatsa yake yi, cikinsa ya daskare. Taimakon Yaya zan yi, kyauta ma."

"Kekena ma taimakonsa ka yi."

"Keke daban, zarto daban. Kada ki haɗa ni da aikin allura."

Tana fita kai wa wata mata ɗinki, ya sungumi injin.

Abu ɗaya Barni ya taɓa tsinta a bakin Yaya: injin zarto ba ya shan fetur zalla, sai an haɗa masa da mai, domin ba shi da wani wurin zuba mai daban kamar mota. In babu mai a cikin fetur ɗin, ƙarfe ya dinga gugar ƙarfe a bushe. Wane mai, nawa ake zubawa, wannan Barni bai tsaya ji ba. Tsayawa jin ƙarshen magana ba ɗabi'arsa ba ce.

Gidan mai akwai layi har kwana, shi kuwa ya ce layi na marasa dabara ne. Ya nufi wajen mai sayar da fetur a kwalabe a bakin titi, ya tsaya yana ɗaga kwalba ɗaya bayan ɗaya yana haska ta a rana kamar mai zaɓen zinare. Can ƙarshen tebur ya hango wasu da suka sha rana suka yi duhu.

"Waɗancan za ka ba ni."

"Malam, waɗancan sun kwana biyu," in ji mai fetur. "Ni kaina tunanin zubar da su nake. Ɗauki na yau."

"Ka ji mutum! Kana sayar da abu ba ka san shi ba. Fetur kamar shayi ne, in ya yi duhu ya fi ƙarfi. Wannan farin naka ruwan wanki ne."

Mai fetur ya kalle shi sama da ƙasa, ya juye masa, har da gyara.

Daga nan ya biya garejin bakanike, ya roƙi baƙin man da aka juye daga wata tsohuwar mota. Baƙi wuluk, mai kauri, da ɗan yashi-yashi a ƙasa. Bakanike ya ce me zai yi da shi, Barni ya ce sirrin sana'a ne.

A tsakar gida ya yi haɗin. Ya zuba fetur, ya zuba baƙin mai da ido, ya ga kamar ya yi kaɗan, ya ƙara, ya ga kamar zai ji kunya a gaban inji, ya sake ƙarawa. Ya ɗura wa injin. Ya taka shi da ƙafa, ya ja igiya. Shiru. Ya sake ja. Injin ya yi wani ɗan tari kamar tsoho mai mura, ya koma barci. Ya ja, ya ja, ya ja, har rigarsa ta manne a bayansa, hularsa ta faɗa cikin baƙin mai.

"Kunya yake ji," ya ce wa Gwaggo da ke leƙowa ta taga. "Bai saba da hannuna ba."

A ja na gaba injin ya tashi. Ba ƙara ce ta fara fitowa ba, hayaƙi ne. Shuɗi, baƙi, mai kauri, irin wanda za a iya yanka shi da wuƙa. Kafin ƙiftawar ido tsakar gida ta ɓace. Kaji suka haura katanga. Fararen zannuwan Gwaggo da ke kan igiya suka koma kalar toka. Wani daga waje ya ƙwala ihu, "Gobara! Gobara a gidan Gwaggo!"

Mai aski ne ya fara isowa da bokiti. Bai ga komai ba sai wani baƙin abu yana motsi a cikin hayaƙi, ya sheƙa masa ruwa. Mai babur, wanda ke ɗaukar fasinja a bakin layin, ya biyo baya da nasa bokitin, wanda matarsa ta gama wanke-wanke a ciki. Da hayaƙi ya washe sai ga Barni a tsaye, jiƙe sharkaf, da ɓawon albasa a gira, ya ɗaga injin sama da hannu biyu don kada ruwa ya taɓa shi.

"Wa ya aike ku?" ya daka musu tsawa. "Gwaji nake yi!"

"Gwajin kashe mu?" in ji mai aski.

"Sauro dai ya bar gidan nan har abada," in ji mai babur. "Gwaggo, ki gode masa."

Gwaggo ba ta gode ba. Abin da ta faɗa kan zannuwanta ba zai maimaitu ba.

Matar Barni ta dawo ta tarar da ɓarna. Ta wuce ɗaki, ta zazzage jakar Yaya, ta fito da wata kwalbar mai mai tsabta da wani ɗan ƙaramin kofi mai layi a jikinsa. Ta dangwarar da su a gabansa.

"Ga abin da Yaya yake zubawa. Da idona na sha ganinsa. Ya cika ɗan kofin nan iya layi, ya juye a galan, ya girgiza. Kuma sabon fetur yake saye, kuma iya na aikin ranar yake haɗawa, ba ya ajiye shi ya tsufa. Na nuna maka ne don ka san ba ka sani ba. Yanzu mayar da injin mutane inda ka ɗauko shi."

Barni ya ɗauki ɗan kofin da yatsu biyu, ya juya shi, ya kwashe da dariya.

"Yanzu na gano ciwon Yaya. Rowa! Inji mai haƙora irin wannan, a ba shi mai a kofin maganin tari? Shi ya sa kullum yake a rame. Kuma wai kullum a haɗa, kullum a haɗa, kamar abincin jinjiri. Ni na shekara zan haɗa masa gaba ɗaya. Yaya ya dawo ya tarar an hutar da shi."

"Baban yara..."

"Bar ni da shi!"

Washegari ya bi layin da ya ce na marasa dabara ne, da jarkoki biyu rawaye, iri ɗaya sak, kamar 'yan biyu. Ya ciko su da sabon fetur. Ya juye tsohon haɗin daga cikin injin, ya kwance fulogi ya goge shi da gefen rigarsa. Sannan ya buɗe jarka ɗaya, ya kifa mata kwalbar man Yaya gaba ɗaya har ɗigon ƙarshe. Ya tsaya ya yi nazari, ya ga ragowar baƙin man bakanike na kallonsa, ya ce zubar da shi almubazzaranci ne, ya ƙara shi don kauri. Ɗaya jarkar ya bar ta zalla, ya ce wannan ta jama'a ce, da ita zai wanke laifin jiya.

Girgizawar kuwa abin kallo ce. Ya rungumi jarka a ƙirji, ya yi gaba ya yi baya, ya karkata hagu ya karkata dama, yana jujjuya ƙugu, fetur na ƙugi a ciki. Gwaggo ta fito ta tsaya.

"A kira makaɗi ne?"

"Gwaggo, ilimi ne. Ba za ki gane ba."

Sai maganar ajiya. Ya kai jarkokin kicin, ya jera su gefen murhu, ya ce nan ne ɓarawo ba zai yi tunani ba. Matarsa ta biyo shi da muciya. Ya tura su ƙarƙashin gado, kafin la'asar ɗakin ya ɗauki wari, har matar da ta zo gwada riga ta fita tana layi kamar wadda ta sha wani abu. Matarsa ta sake ɗauko muciya. Sai ya hau tsani ya ɗora su a kan rufin kwano, ya ce can iska za ta dinga shafa su.

Ba iska ce ta shafe su ba, rana ce. Kwano ya yi zafi, jarkoki suka fara kumbura. Gefensu ya turo, gindinsu ya yi tulu, suka koma kamar akuyoyi masu ciki, ɗaya har tana wani ɗan fito ta bakin murfi. Mai babur ne ya hango daga titi, ya yar da babur ɗin ya ruga yana ihu a sauke su kafin a kwashe unguwar a buhu. Gwaggo ta fito da carbi a hannu ɗaya, takalmi a ɗaya, ta ce ko jarkoki su sauka ko Barni ya kwashe kayansa yau.

Ya sauko da su yana hura yatsunsa. "Kumburin nan alamar ƙarfi ce," in ji shi. 

A ƙarshe aka dace da ɗakin ajiya na bayan gida, mai inuwa, mai taga, babu wuta a kusa. Wannan kam shawarar matarsa ce, amma kafin ya kai ƙofar ta riga ta zama tasa. Ya shige har ƙuryar ɗakin, ya juyo ya fuskanci ƙofa, ya ajiye jarka ɗaya a wannan gefen ƙofar, ɗaya a wancan. Matar ta miƙo masa wani jan ƙyalle daga ragowar ɗinki.

"Ɗaura wa mai haɗin, don kada su rikice."

"Alama ta masu mantuwa ce. Ni kaina ba kwando ba ne. Duba nan." Ya ɗaga hannu, yana tsaye a ciki, bayansa na jikin bango. "Ta dama haɗi. Ta hagu zalla. Dama haɗi, hagu zalla. Ko a mafarki aka tashe ni zan faɗa."

Ta dube shi, ta dubi ƙofar, ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Ta soke ƙyallen a ƙugun zaninta ta yi tafiyarta.

Ranar sara, tun hantsi Barni ya zaga unguwa yana gayyata. Ya samo wani tabarau na masu walda da safar hannu ɗaya, ɗayar ta ɓata. Ya tarar da mai aski yana tsaki, an ɗauke wuta, janaretonsa babu ko ɗigo. Mai babur ma tankinsa ya kusa ƙafewa, ga layi a gidan mai.

"Don wannan kuke ɓata rai? Ku bar ni da shi. Ku biyo ni, kyauta ne, in kun yi arziki ku tuna da ni."

Ya tura ƙofar ɗakin ajiya daga waje, ya tsaya a bakin ƙofa yana fuskantar ciki. Dama haɗi, hagu zalla. Ya miƙa hannun hagu ya jawo jarka, ya tsiyaya wa mai aski a galan. Abin ya fito da duhu, yana naso.

"Barni, wannan fetur ɗin naka ya yi baƙi fa."

"Kai ma irin mai kwalaben nan ne? Fetur kamar shayi ne. Wannan na manya ne, janaretonka bai taɓa shan irinsa ba."

Abin kyauta ne, mai aski ya ɗauki galan ɗinsa ya tafi. Mai babur ya kafa mazurari ya cika tanki, ya yi godiya, ya ce zai leƙa tasha ya dawo kallo.

Barni ya miƙa hannun dama ya ɗauko ɗayar, ya fito da ita gindin bishiya inda jama'a suka taru. Ya ɗura wa injin a gaban kowa. Fetur ya zubo fari tas, garau kamar ruwan sha. Da mai hankali ne, da ya tsaya ya yi tunani. Barni ɗaga mazurarin ya yi sama.

"Kun ga haɗin gwani? Man ya narke har ba a ganinsa. Girgiza ce sirrin. Gwaggo, ke da kika ce a kira makaɗi, ga amsarki."

Ya taka, ya ja igiya. Ja ɗaya tak injin ya tashi, da wata murya siririya mai daɗi, babu tari, babu ko zaren hayaƙi. Jama'a suka ɗauki tafi. Gwaggo kanta ta saki baki. Matarsa da ke tsaye a bakin zaure ta dafe ƙirji, domin ita dai ta san injin Yaya bai taɓa aiki ba tare da ɗan hayaƙi ba.

"Baban yara! Kashe shi! Babu hayaƙi!"

"Kun ji ko?" Barni ya yi ihu a kan ƙarar injin. "Ita ma ta shaida! Babu hayaƙi!"

Ya kafa sarƙar zarton a jikin bishiya. Garin katako ya dinga feshi kamar ruwa. Ya danna, injin ya ƙara kuka, ya sake dannawa har ƙarshe. Yana yanka yana waiwaye yana ba da darasi, ko da yake babu mai jin ko kalma. Ya nuna injin, ya nuna kansa, ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Sarƙa ta shige, ta wuce rabin gindin.

Daga nan muryar injin ta fara sauyawa. Ta ƙara tsini, ta koma kamar kukan kyanwa da aka taka wa wutsiya. Wani wari ya taso, irin na tukunyar da aka manta a kan wuta babu ruwa. Hannun Barni mara safa ya fara jin zafi. Ya ce a ransa himma ce.

Sai ga mai aski ya ɓullo daga kwana a guje, fuskarsa baƙa, almakashi a hannu. Bayansa wani mutum ne mai ƙiba, da zanin aski ɗaure a wuya, rabin kansa tas kamar ƙwai, rabin kuwa gashi na nan cunkus. Bayan su duka hayaƙi ne ke tuɗaɗowa daga shagon aski.

"Barni! Me ka ba ni? Janareto ya yi aman hayaƙi ya mutu!"

"Ɗaurin aure zan je!" in ji mai rabin kai. "Wa zai ƙarasa min? Da wannan kan zan shiga mutane?"

Barni ya ɗaga musu hannu alamar su jira ya gama. A daidai nan injin ya yi ƙas! Ƙara ɗaya, busasshiya. Shiru ya sauka har ana jin garin katako na zuba. Bishiyar ta yi wani nishi, ta ɗan zauna, ta danne ƙarfen zarton a cikin tsagar, ta riƙe gam.

Barni ya ja igiya. Igiya ta ƙi motsi, kamar an ɗaure ta a dutse. Ya ja injin baya, bishiya ta ce ba ta san zancen ba. Ya sa ƙafa a jikin gindin ya ja da ƙarfinsa duka, safarsa ta zame, ya zauna daɓas a cikin garin katako. Injin ya tsaya shi kaɗai a jikin bishiya, a sama, kamar an rataye shi don talla.

"Hutawa yake yi," in ji Barni.

"Kamar agogona," in ji Gwaggo.

Ba a gama dariyar wannan ba aka hango wani gajimare yana tahowa ta kan titi, ƙasa-ƙasa, yana tari yana harbi. Mutane suka dare. Daga cikin gajimaren babur ya fito yana tangaɗi, ya yi fat, fat, ya mutu daidai ƙofar gidan. Mai babur ya sauko yana share hawaye. Fasinjan da ya ɗauko daga tasha ma ya sauko, da jakarsa a kafaɗa. Yaya ne. Tafiyar ta ƙare da wuri.

Yaya bai gai da kowa ba. Ya sunkuya a bakin salansar babur, ya shaƙa, ya miƙe.

"Tun daga tasha nake cewa na san warin nan. Man injina ne. Me man injina yake yi a cikin babur?"

Kawuna duka suka juya wajen bishiya. Yaya ya bi su da kallo. Ya taka a hankali, ya kai hannu jikin injin, ya janye da sauri. Ya gwada igiya sau ɗaya. Ya buɗe tanki ya leƙa, ya tsoma yatsa, ya murza.

"Zalla," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "An ba shi fetur zalla. Fistin ya kama, ƙarfen cikinsa ya manne."

"Yaya, sannu da hanya," in ji Barni daga ƙasa. "Ya mutanen can?"

"Tashi."

"Wallahi haɗi na ba shi! Haɗin da bai taɓa sha ba! Dama haɗi, hagu zalla. Ku zo ku gani, don kada a ce na faɗa."

Unguwa guda ta bi shi zuwa ɗakin ajiya, har da mai rabin kai. Barni ya mayar da jarkokin inda ya ɗauko kowace, ya shige ƙurya, ya juyo, ya jingina da bango kamar yadda ya yi ranar ajiya. Ya ɗaga hannun dama da ƙarfi ya nuna. Hannun ya sauka a kan jarkar da bakinta ke naso da baƙin mai.

"Kun gani? Ga haɗi a dama! Ina laifina?"

"To fito," in ji matarsa. "Fito waje ka shigo, yadda ka yi ɗazu."

Ya fito yana huci. Ya juya, ya fuskanci ɗakin, ya ɗaga hannun dama. Hannun ya nuna ɗaya jarkar. Ya kalli hannun. Ya sake shiga, ya juyo, ya ɗaga. Ya sake fita, ya ɗaga. Ya tsaya a kan dokin ƙofa, rabi ciki rabi waje, hannu a sama, yana jujjuyawa.

"Ɗakin nan," ya ce a ƙarshe, "ba a gina shi daidai ba."

Mai babur ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Mai aski ya manta da janaretonsa, ya jingina da mai rabin kai, su biyun suna kuka don dariya. Gwaggo sai da aka kawo mata kujera.

Yaya kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce a kawo igiyoyi, aka ɗaure bishiyar ta sama, maza suka riƙe ta nesa da kicin. Sannan ya ce Gwaggo ta ara masa gatari. Da gatarin ya zo, Barni ya ja baya ya laɓe a bayan matarsa, ita kuwa ta matsa gefe.

"Kwantar da hankalinka," in ji Yaya. "Ƙanwata ta sha gaya min kana son mu haɗa gwiwa. To an haɗa. Injin nan sai an kwance shi an sake fistin, ba yau ba, ba gobe ba. Ni kuma na yi wa mutane alkawarin aiki, gidana kuma ba za a kwana da yunwa ba. Daga yau kai ne injin. Fara da wannan, ka ciro min kayana, kada bakin gatari ya taɓa sarƙa."

"Yaya, ni fa aikina na ƙwaƙwalwa ne."

"Mun ga aikinta. Yanzu a gwada kafaɗa."

Haka Barni ya tuɓe riga ya kama sara, rana a tsaka, jama'a sun samo benci sun zauna. Mai aski ya ƙarasa wa mutumin nan askinsa da almakashi a nan gindin katanga, don kada su rasa komai. Kowane sara sai an ƙirga masa da tafi. Tafin hannunsa ya yi bororo, tabarau na walda ya zamo ya rataye a kunne ɗaya.

Can mai babur ya ce, "Yaya, ƙotar gatarin nan kamar tana girgiɗi. A nemo mai gyara."

Barni ya tsaya, ya goge zufa, idonsa ya yi wani haske. Ya ɗaga gatarin ya duba, ya buɗe baki.

"Ai wannan ƙaramin abu ne. Bar ni da..."

"A'a!" Unguwa duka ta amsa da murya ɗaya, har kajin da ke kan katanga suka tashi.

Matarsa ta ratso mutane ta zo gabansa. Ta zaro jan ƙyallen nan daga ƙugun zaninta, ta kama hannunsa na dama, ta ɗaura masa a wuyan hannu, ta ƙulle sau biyu, ta ja da haƙori.

"Wannan ita ce dama, Baban yara," in ji ta. "Ko ka shiga, ko ka fita. Ci gaba da sara."